Shin haddace sunayen siffofi ya isa a ce yaro ya fara lissafin siffofi?

Malama Rakiya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da iyaye. Ina koyar da yara masu shekara huɗu zuwa biyar, kuma ina neman shawararku a kan darasin siffofi. Abin da ake so yaro ya sani kafin ya shiga firamare shi ne da'ira da alwatika da murabba'i da rektangul, wato siffar ƙofa ko ta shafin littafi. Hanyar da aka saba bi ita ce a nuna hoton da ke manne a bango, yara su maimaita sunan, sannan su shafa masa launi a takarda. Yaran ajina suna yin wannan ba tare da tuntuɓe ba, amma idan na juya alwatika tsininta ya kalli ƙasa, ko na zana wata siririya doguwa, da yawansu sai su ce wannan ba alwatika ba ce. Murabba'i kuwa, da zarar na tsayar da shi a kan kusurwarsa, sai su ce ya zama wani abu dabam. Ina so in san ko wannan ƙuruciya ce kawai da za ta wuce da kanta, ko kuwa akwai abin da ya kamata a gyara a hanyar koyarwar, kuma waɗanne ayyuka ne suka fi dacewa da yara masu waɗannan shekaru.

Hajiya Talatu:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani sananne ne a wurin masu nazarin yadda yara ke koyon lissafi. A shekarar 1957, wasu malaman lissafi biyu 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, sun gabatar da bincikensu a Jami'ar Utrecht, inda suka bayyana cewa fahimtar siffofi tana tafiya ne mataki mataki har guda biyar. Biyu na farko ne suka shafe mu. A mataki na farko yaro yana gane siffa ne da kamanninta gaba ɗaya, ya ce wannan rektangul ne domin ya yi kama da ƙofa. A mataki na biyu ne yake fara duba sassanta, ya ƙirga gefe, ya ƙirga kusurwa, ya lura ko layin miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe, ya kuma duba ko siffar a rufe take ko tana da kafa.

Abin da ya fi muhimmanci a bayaninsu shi ne cewa ƙaruwar shekaru kaɗai ba ta ɗaga yaro daga mataki zuwa mataki, sai dai irin ayyukan da aka ba shi da irin maganar da aka yi da shi a kansu. Saboda haka ban yarda a ce a jira abin ya wuce da kansa ba. Yaron da bai taɓa ganin alwatika ba sai mai gefe uku daidai wa daida, zaune daram a kan gindinta, yana da hujjar ƙin amincewa da siririyar da kika zana, tunda iyakar abin da aka nuna masa ke nan. Gyara na farko shi ne a sauya misalan. A yanko alwatika iri iri daga kwali, dogaye da gajeru, masu faɗi da sirara, manya da ƙanana, a zuba su a ƙasa kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Sannan a cakuɗa su da waɗanda suka yi kama da alwatika amma ba ita ba ce: mai gefe ɗaya lanƙwasasshe, mai kusurwa ɗaya da aka daddatse, da zanen wadda layukanta biyu ba su haɗu ba. A bar yaro ya ware su, kuma duk wadda ya ɗauka a tambaye shi, "Ta yaya ka gane?"

Malam Isiyaku:

Hajiya, Allah ya ƙara sani. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma ina goyon bayan sauya misalai, sai dai ina da tsoro game da yadda ake ta yabon wasa a 'yan shekarun nan. Ɗalibai suna zuwa mana sun shekara goma sha biyu ba su iya faɗin abin da ya sa murabba'i ya zama murabba'i ba, kuma idan aka bincika sai a tarar sun shafe shekarun farko suna yanke takarda da shafa launi ba tare da wani ya gaya musu ƙa'ida ba. A ganina a fara da ƙa'ida a fili: alwatika siffa ce rufaffiya mai miƙaƙƙun gefuna uku da kusurwa uku. Yaro ya haddace wannan tukuna, wasa ya biyo baya. Kuma ina roƙon malaman ƙananan azuzuwa su daina gaya wa yara cewa rektangul shi ne mai dogayen gefe biyu da gajeru biyu, domin wannan magana ce ke sa yaro ya ƙi yarda daga baya cewa kowane murabba'i rektangul ne.

Maman Safiya:

Malam, ka yi haƙuri, a nan ne na rabu da kai. 'Yata tana da shekara huɗu, kuma idan na ce mata murabba'i rektangul ne amma ba kowane rektangul ne murabba'i ba, na tabbata ruɗewa kawai za ta yi. Ashe ba gara ta san kowanne da sunansa ba, idan ta girma a yi mata ƙarin bayani? Haka nan ban ga amfanin haddar ƙa'ida ga yarinyar da ba ta riga ta san ma'anar kalmar gefe ba.

Malam Isiyaku:

Maman Safiya, ban ce a yi wa 'yar shekara huɗu wannan dogon bayani ba. Abin da na nema shi ne kada a gaya mata abin da za a zo a warware daga baya. Yarinyar da ta san cewa kyanwa dabba ce amma ba kowace dabba ce kyanwa ba, ta riga ta mallaki irin tunanin da ake bukata. Ya isa a ce mata rektangul yana da gefe huɗu da kusurwa huɗu irin kusurwar littafi, murabba'i kuma rektangul ne na musamman wanda duk gefunansa tsawonsu ɗaya. Ko ba ta riƙe ba a yau, ba a dasa mata kuskure ba.

Hajiya Talatu:

A kan murabba'i da rektangul ina tare da Malam Isiyaku ɗari bisa ɗari. A kan fara da hadda kuwa ina tare da Maman Safiya, kuma zan faɗi dalilina. Yaro yana iya rera "gefe uku, kusurwa uku" tiryan tiryan, a miƙa masa siririyar alwatika ya ce ba ita ba ce, domin kalmomin suna bakinsa ne kawai, idonsa kuma yana nan yana neman hoton da ya saba gani. Douglas Clements da Julie Sarama da abokan aikinsu a Amurka sun gwada yara ƙanana a wani bincike da aka buga a 1999. Sun tarar yaran suna gane da'ira kusan ba kuskure, suna gane murabba'i sosai, amma a alwatika amsoshinsu na daidai sun tsaya ne a wajen kashi 60 cikin 100, a rektangul kuma ƙasa da haka kaɗan. Siffofin da suke da fuskoki da yawa su ne suka fi ba yara wahala, kuma su ne aka fi nuna musu da fuska ɗaya tak.

Aikin da na fi amincewa da shi wajen shigar da ƙa'ida hannun yaro shi ne na jakar laluba. A samu jaka ta yadi wadda ba a ganin cikinta, a zuba siffofin kwali mai kauri ko na katako, yaro ya zura hannu ya lalubo ɗaya, ya faɗi abin da ya ji kafin ya fito da ita. Ku lura da yatsun yaro idan yana wannan aiki. Da farko yakan damƙe siffar a tafin hannu ya yi shaci-faɗi. Bayan an yi ta yi, sai ku ga ya fara bin gefen da ɗan yatsa a hankali, yana tsayawa duk inda ya ji tsini, leɓensa na motsi yana ƙirgawa. A wannan lokaci ne kalmar gefe da kalmar kusurwa suke samun ma'ana a wurinsa, kuma a nan ne ya dace malama ta faɗi ƙa'idar da Malam yake so, tunda yanzu tana da wurin zama. Jean Piaget da Bärbel Inhelder, masana daga Suwizalan, sun yi irin wannan gwaji na taɓa siffa ba tare da gani ba a aikinsu da ya fito a 1948, suka lura cewa ƙananan yara suna saurin bambanta rufaffiyar siffa da buɗaɗɗiya, da mai huda da marar huda, kafin su iya bambanta murabba'i da sauran masu miƙaƙƙun gefuna. Maria Montessori ma, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta sa yara su riƙa bin gefen siffofin katako da yatsa kafin su mayar da kowace cikin gurbinta.

Injiniya Bashir:

Assalamu alaikum. Ni uba ne, aikina kuma zanen gine-gine, saboda haka ku ba ni dama in kawo wata tambaya da ba a taɓo ba. Me ya sa ake fara wa yara da siffofin da ke kwance a takarda, alhali duk abin da suke taɓawa tun suna rarrafe mai kauri ne? Ƙwallo da kwali da gwangwani ne yaro ya sani, da'ira da murabba'i kuwa fuskokin waɗannan abubuwa ne. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara a 1837 ya kuma raɗa mata suna Kindergarten a 1840, da ƙwallayen ulu masu laushi ya fara. Kaya na biyu da ya tanadar wa yara su ne ƙwallo da silinda, wato siffar gwangwani, da kiyub, wato siffar kwali mai fuska shida duk murabba'i, dukkansu na katako, na uku kuma kiyub ne da aka raba shi ƙananan kiyub takwas. Siffofin da ba su da kauri sai daga baya suka zo a tsarinsa.

Ga abin da nake yi da yarana. Muna jingina katako ya yi gangare, mu kawo ƙwallo da gwangwani da ɗan kwali da mazurari, kafin a saki kowanne sai su faɗi ko zai gangara ko zai zame. Gwangwani ne yake jawo gardama, domin idan aka kwantar da shi yana gangarawa, idan aka tsayar da shi kuma sai ya zame, kuma da kansu suke gano cewa yana da fuska biyu shimfiɗaɗɗu da jiki ɗaya lanƙwasasshe. Mazurari kuwa ba ya tafiya kai tsaye, kewayawa yake yi. Bayan haka sai mu danna kowane abu a kan yashi mai danshi mu ga irin sawun da ya bari: gindin gwangwani ya bar da'ira, kwali ya bar rektangul. Da dare kuma mu haska tocila a kan abu ɗaya ta fuskoki dabam dabam, su ga inuwar gwangwani tana zama da'ira idan an haska ta baki, tana zama rektangul idan an haska ta gefe. Wannan shi ne tushen abin da muke yi a zanen gini, inda ake nuna abu ɗaya ta sama da ta gaba da ta gefe.

Malama Rakiya:

Injiniya, na gode. Aikin gangare da na sawu a yashi za su yiwu a ajina. Amma warware kwali fa, a shimfiɗa shi yaro ya ga fuskokinsa, ya dace da masu shekara biyar?

Injiniya Bashir:

Ya dace, Malama, matuƙar ke ce za ki yanka su kuma su naɗe. Ki ɗauki kwali ki farke shi ta inda aka manne, ki shimfiɗa, yara su ƙirga fuskoki shida, su nemo kowace da takwararta, sannan su mayar da shi yadda yake. Kiyub yana da fuska 6 da gefe 12 da kusurwa 8, kuma akwai hanyoyi 11 dabam dabam da za a jera murabba'i shida a naɗe su su ba da kiyub, amma neman waɗannan aikin 'yan firamare na sama ne. Ga ƙanana, abin da na fi so shi ne gini da tsinkaye da 'yan ƙullayen yumɓu. Tsinke ya zama gefe, yumɓu ya zama kusurwa, ta yadda yaro ba zai iya gina siffa ba sai ya san adadin kowanne da yake bukata. Idan ya gama alwatika da murabba'i, ki ce ya danna kowanne ta kusurwa. Murabba'in zai karkace ya sauya kama, alwatikar kuma za ta tsaya ƙyam, domin idan tsawon gefuna uku ya tabbata, siffa ɗaya ce kawai za su iya bayarwa. Shi ya sa ake ganin alwatika a katakon rufin gida da ƙarafan gada da dogayen turakun wutar lantarki. Sannan ki ba su tsinke mai santimita 3 da mai 4 da mai 9 ki ce su haɗa alwatika. Za su yi ta fama ba za ta rufu ba, domin gajerun biyu idan aka haɗa su dole su fi dogon tsawo, kuma wannan fama ya fi kowane bayani amfani.

Malam Isiyaku:

Wannan misali na tsinkaye uku ya burge ni, domin ƙa'ida ce da muke koyarwa a sakandare da alamomi, ɗalibai kuma su yi ta mantawa. Na amince cewa aikin hannu irin wannan yana da nauyi. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, dole babba ya kasance a wurin ya furta abin da yaro ya gano da kalmomin da suka dace. In ba haka ba yaro zai ce tsinkayen ne ba su da kyau, ya jefar ya tafi.

Hajiya Talatu:

A nan ba mu da saɓani, Malam. Susan Levine da abokan aikinta a Jami'ar Shikago sun bi wasu iyalai suna sauraron yadda iyaye ke magana da 'ya'yansu a gida. A sakamakon da suka buga a 2011 sun nuna cewa yaran da suka fi jin kalmomin siffa da girma, irin su dogo, gajere, lanƙwasa, gefe da kusurwa, sun fi amfani da su da kansu, kuma sun fi ƙoƙari daga baya a ayyukan da ke bukatar juya siffa a cikin tunani. Saboda haka maganar babba tana cikin aikin. Abin da nake ƙi shi ne babba ya riga yaro amsa. Idan yaro ya ce, "Wannan ba alwatika ba ce, ta yi tsawo da yawa," kada a ce masa ya yi kuskure a wuce. A ce masa, "Mu ƙirga gefunanta tare," sannan a ɗauki alwatikar da ya amince da ita a juya ta a hankali a gabansa, ana tambayarsa a daidai ina ne ta daina zama alwatika. Yawancin yara sukan yi shiru na ɗan lokaci, sannan su ce ai har yanzu ita ce.

Malam Ɗanladi:

Ranku ya daɗe, duk abin da kuka faɗa yana da kyau, amma ni ajin farko na firamare nake riƙe da shi, kuma ajin cike yake maƙil, ba kayan aiki. Jakar laluba ɗaya ba za ta zagaya kowa ba kafin a buga ƙararrawa. Me za ku ce wa irina?

Hajiya Talatu:

Malam Ɗanladi, fili da igiya da alli sun ishe ka fara. Ka ɗaure bakin doguwar igiya ta zama zobe, yara uku su shiga ciki su ja ta miƙe, ka ga alwatika. Ɗaya ya matsa gefe, siffar ta sauya, sauran aji su faɗi ko har yanzu alwatika ce. Yaro na huɗu ya shiga ta zama mai gefe huɗu, sannan ka tambaye su yadda za su tsaya ta zama rektangul, da yadda za su gyara ta zama murabba'i. A nan yaran da kansu su ne kusurwoyi, kuma kowa yana gani lokaci guda. Da'ira kuma, ka kafa turke, ka ɗaura igiya, yaro ya riƙe ɗaya bakin da tsinke ya zagaya yana zana ƙasa ba tare da igiyar ta yi sako-sako ba. Daga nan ka sa yara su tsaya a kan layin ka tambaye su wa ya fi kusa da turken. Idan suka auna da igiyar suka ga kowa nisansa ɗaya, sun taɓa ainihin ma'anar da'ira.

A cikin aji kuwa, takarda kaɗai tana yin aiki mai yawa. Kowane yaro ya naɗe guntuwar takarda sau ɗaya, ya sake naɗewa ta yadda layin naɗin farko zai hau kansa, sai ya samu kusurwa mai digiri 90, wato irin kusurwar littafi. Da wannan ma'auni zai zagaya aji yana gwada kusurwar allo da ta taga da ta tebur. Jakar laluba kuma ba sai ta zama ɗaya ba, tunda kwalin da aka yar ne kayan cikinta. Ka raba su rukuni rukuni, yaro ɗaya yana laluba yana kwatantawa, sauran suna cankar sunan siffar.

Maman Safiya:

Hajiya, ina da tambaya game da wasannin waya da kwamfuta. Akwai manhajoji da yawa da suke nuna siffa yaro ya danna sunanta, kuma 'yata tana son su. Suna da illa ne?

Injiniya Bashir:

Maman Safiya, ki duba abu biyu a manhajar. Na farko, ko tana nuna siffofi ta fuskoki dabam dabam ko kuwa kullum alwatika ɗaya ce mai launi ɗaya. Idan da'ira kullum ja ce, alwatika kullum koriya, yarinya za ta iya cin wasan da launi kaɗai ba tare da ta kalli siffar ba. Na biyu, ko tana ba yaro damar juya siffa da haɗa ta da wata. Wadda take yin haka tana da amfani, wadda kuma danna suna kawai take nema ba ta wuce hoton bango ba. Duk da haka ni na fi son tangaram na kwali a hannu. Wasa ne da ya samo asali daga ƙasar Sin, ya bazu a Turai da Amurka a farkon ƙarni na 19, kuma murabba'i ɗaya ne aka yanka gida bakwai: manyan alwatika biyu, matsakaiciya ɗaya, ƙanana biyu, ƙaramin murabba'i, da wata karkatacciyar siffa mai gefe huɗu. Ga 'yar shekara huɗu kada ki ba ta duka bakwai. Ki ba ta ƙananan alwatika biyu kaɗai, ki ga ko za ta haɗa su su ba da murabba'i, sannan su ba da alwatika mafi girma, sannan su ba da karkatacciyar siffar. Gane cewa guntaye biyu ɗin nan suna haifar da siffofi uku babban ci gaba ne, kuma a kansa ake gina fahimtar faɗin fili da rabe-raben lamba daga baya. Sai dai a kula, idan akwai ƙani ko ƙanwa ƙasa da shekara uku a gidan, a nisanta su daga ƙananan guntaye da ƙullayen yumɓu, domin suna kai komai baki.

Malam Isiyaku:

Tunda an kawo naɗin takarda, zan ƙara abu ɗaya da nake so a fara tun da wuri, wato layin da ke raba siffa gida biyu kowane ɓangare ya hau ɗan'uwansa daidai. Murabba'i yana da irin wannan layi guda huɗu, alwatika mai gefuna daidai tana da uku, rektangul wanda ba murabba'i ba yana da biyu kacal. Ɗalibai da yawa suna rantsuwa cewa rektangul yana da huɗu, domin suna ƙirga layin da ya tashi daga kusurwa zuwa kusurwa. Da sun taɓa naɗe shafin takarda ta wannan layi tun suna ƙanana, da sun ga kunnuwa biyu sun leƙo waje, ɓangarorin ba su hau juna ba ko da yake girmansu ɗaya. Ɗan madubi da aka tsayar a kan layin shi ma yana nuna haka nan take.

Malam Ɗanladi:

Na karɓi aikin igiya da na naɗin takarda. Amma shugaban makaranta da iyaye takarda suke so su gani da maki a kai. Ta yaya zan auna yaro in tabbatar ya fahimta, ba tare da na koma ga "shafa wa alwatika launi" ba?

Hajiya Talatu:

Ba sai ka bar takarda ba, Malam, abin da ke kanta za ka sauya. Ka zana siffofi goma sha biyu a shafi ɗaya. Biyar su zama alwatika ta gaskiya amma kowace da kamanninta, a ciki har da siririya da mai kallon ƙasa da mai kusurwa mai digiri 90. Huɗu su zama masu kama da ita amma da naƙasa, sauran uku kuma siffofi ne dabam. Yaro ya yi wa alwatika alama, wannan ya ba ka makin da ake nema. Sannan ka zaɓi siffa ɗaya da ya ɗauka da ɗaya da ya bari, ka tambaye shi dalili, ka rubuta amsarsa a gefen takardar kamar yadda ya faɗe ta. Wanda ya ce "ta yi kama da rufin ɗaki" yana mataki na farko, kuma yana bukatar ƙarin laluba da gini da tsinkaye. Wanda ya ce "gefenta uku ne amma nan bai haɗu ba" ya shiga na biyu, kuma shi za ka fara ba aikin jera siffofi su rufe fili ba tare da kafa ba, inda zai tarar alwatika mai gefuna daidai da murabba'i da mai gefe shida irin na saƙar zuma suna rufewa tsaf, mai gefe biyar daidai wa daida kuma tana barin kafa duk yadda aka juya ta. Da yake ajinka yana da yawa, ba sai ka tambayi kowa a rana ɗaya ba. Ka ɗauki rukuni ɗaya a kowane darasi yayin da sauran suke aikin naɗin takarda, kafin ƙarshen zango kowa ya samu nasa layin a rubuce.